Babi na Shida: Adar Dutsi a Ƙafa

Motar da ta tashi daga Tawa da hantsi takan isa Keita kafin azahar, domin tsakanin garuruwan biyu bai wuce kilomita 70 da 'yan kai ba. Fasinja zai ga jan dutse, ya ga ƙura, ya ga awaki suna ɗage ƙafa a jikin ƙaya, ya sauka yana cewa ya ga Adar. Gadon bayan ƙasar kawai ya gani. Adar Dutsi tudu ne shimfiɗaɗɗe wanda ruwa ya daɗe yana tsagawa, har ya fafe manyan kwaruruka a cikinsa: kwarin Keita, kwarin Badagishiri, kwarin Majiya, da ƙananan 'ya'yansu da ba su ƙirguwa. Gonaki da rijiyoyi da rumbuna suna can ƙasa cikin waɗannan kwaruruka da gindin gangarensu. Hanyar mota tana faɗawa cikinsu ta fice da gudu, ba ta ba ido damar ya fahimci yadda tudu da kwari suke ciyar da juna, ko yadda suke cutar juna. Wannan fahimta sai an taka da ƙafa, kwana da kwanaki, a bayan mutumin da ya san wurin.

Duwatsun nan ba dogaye ba ne. Mafi tsawonsu yana wajen mita 700 daga doron teku, alhali Bagzan da ke cikin Abzin ya haura mita 2,000. Daga gindin kwari zuwa leɓen tudu sau da yawa hawan bai fi mita 100 ba. Amma wanda ya raina shi zai sha mamaki, don hawan a tsaye yake, duwatsun kuma sakakku ne, suna mirginawa ƙarƙashin takalmi, kuma a yini guda sai a hau a sauka sau uku ko huɗu. Hanyar da nake so mu bi a wannan babi ta tashi daga Tawa ta yi gabas zuwa Tamaske, ta shiga Keita, ta leƙa wajen Ibohaman, ta juyo kudu ta Garhanga, ta haye tudu zuwa Buza, sannan ta gangara Majiya. Ga mai tafiyar kilomita 20 a yini, abin ya kai mako guda, ko ya ɗan ɗara in ana tsayawa hira, kuma ya kamata a tsaya.

Lokacinta daga ƙarshen kaka ne zuwa ƙarshen dari, wato Nuwamba zuwa farkon Fabrairu. An gama girbi, rumbuna sun cika, rijiyoyin kwari ba su ja da baya ba, dare yana da sanyin da sai da bargo. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40, baƙin dutsen saman tudu kuma yana riƙe zafi har bayan magariba. Damina tana da kyan gani, sai dai tana da haɗarin da zan zo kansa.

Da ɗan gari kan ci gari. Jagoran da ake buƙata a nan ba shi da ofis, ba shi da takardar shaida. Mafi yawa dattijo ne da ya yi kiwo da ƙuruciya, ko maharbi, ko mai jakin da ya shekara da shekaru yana kai hatsi da albasa daga kasuwa zuwa kasuwa. Ana samunsa ta hannun maigari, kuma ba mutum ɗaya ne zai kai ka daga Tawa har Buza ba. Kowane yana da iyakar ƙasar da ya sani, inda ake amsa gaisuwarsa da sunan ubansa. Idan ya kai wannan iyaka sai ya damƙa ka ga wani, ya karɓi sallamarsa, ya juya. Ni ina ganin wannan shi ne tsari mafi kyau, ko da wata rana tafiyar ta zama sana'a mai rajista: ilimin ƙasa a Adar a rarrabe yake kwari-kwari, duk wanda ya ce maka ya san dukkansa, hanyar mota ya sani.

Aikinsa na farko ruwa ne. Ya san rijiyar da ke da ruwa a watan Janairu da wadda sai kwalkwalo, ya san wadda ruwanta ke da zartsi, ya san inda za a tona yashin ƙorama kamu biyu a tarar da danshi. A kan haka yake yanka zangon kowace rana, shi ya sa wani zangon gajere ne har ka ji haushi, wani kuma sai ƙafa ta yi ciwo. Na biyu shi ne hanya. Daga ƙasa, gangaren tudu duk iri ɗaya ne a idon baƙo, amma akwai 'yan wurare ƙalilan da jaki mai kaya zai iya hawa, kuma in ka kuskure su sai ka yi zagayen rabin yini. Na uku, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne bakinsa. Shi zai yi sallama a ƙofar maigari, shi zai faɗi ko kai wane ne da abin da ya kawo ka, shi zai san gonar da ba a ratsawa da dutsen da ba a hawa sai da izini. Kana kiransa Baba, yana kiranka Malam ko ɗana, kuma idan ya ce a tsaya, a tsaya.

Kaya kaɗan ne: jaki ɗaya da mangala, jarkar ruwa ko salka, tabarma, bargo, buta, garin fura, ƙuli-ƙuli, cuku, dabino, kayan shayi, malfa, da takalmi mai kaurin ƙasa saboda ƙaya da karangiya. A riƙa kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama, kada kuma a tura hannu ƙarƙashin dutse, don kububuwa tana son irin wannan wuri.

Zangon farko daga Tawa jigawa ce, yashi da karan gero da sabara da kalgo, babu abin da zai tsayar da mutum sosai. Abin tunawa a nan shi ne cewa matsayin Tawa a zamanin Turawa ya samo asali ne daga irin wannan lissafi na ƙafa da rijiya. Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka ƙulla a 1898 ta zana wa Sakkwato da'ira mai faɗin mil 100 daga birnin, ta bar ta hannun Ingila. Don haka sojan Faransa da ke son zuwa Damagaram daga bakin Kwara ba su da halin bi ta kudu inda ruwa yake, dole suka zagayo ta Filinge da Tawa, ta hanyar da rijiyoyinta ke nesa da juna. Suka kafa bariki a Tawa a farkon ƙarni na 20, suka gwabza da Abzinawan Kel Geres a Zangebe da Galma a 1901, suka yi ta ƙorafin ƙishirwa har aka sake zana iyaka a 1904 da 1906. Duk taswirar da suka zana a lokacin, daga bakin irin wannan dattijo da ke gabanka da sanda suka kwashe ta, ko da yake sunansa bai shiga takarda ba.

Wajen Tamaske ƙasa take fara tsagewa. Sai ka ga tudu ya miƙe ta hagu da dama, samansa a daidaice kamar an yanke da wuƙa, tsakiya kuma fadama kore shar da albasa. A watannin dari kowa yana lambu: injin ban-ruwa yana ƙara, yara suna jan tiyo, ana dashe fangali bayan fangali. Jar albasar da ake kira ta Galmi, wadda ta kai har kasuwannin Abijan da Akara, ba a Galmi kaɗai ake nomanta ba. Kwaruruka irin wannan suna cikin masu cika manyan motocin. Ruwan da ke shayar da ita ba daga kogi yake zuwa ba, don babu kogi. Ruwan saman da ya sauka a kan tudu ne, wanda a shekara bai cika wuce milimita 300 zuwa 400 ba, ya gangaro ya nutse cikin yashin kwari. Duk tarihin wannan ƙasa na shekaru hamsin da suka wuce yana rataye a kan tambaya ɗaya: ruwan nan zai nutse, ko zai wuce da gudu ya tafi da ƙasa?

Kafin mu je ga amsar, a hau gangare a hankali, ana duban ƙasa. A tsakiyar hawan akwai wani ɗamarar farin dutse, kuma a cikinsa za ka tsinci abin da ba ka zata ba: ƙwaryar kawa da sauran halittun ruwa da suka zama dutse, wasu masu zanen tauraro a bayansu, wasu a naɗe. Yaran ƙauye suna wasa da su. Shekaru miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce, teku ne a nan, wani hannun ruwa da ya ratso inda Sahara take yanzu. A arewa, wajen Kawo, a dutsen Igdaman, an tono haƙoran wani babban dabban ruwa na wancan zamani har aka raɗa masa sunan dutsen, kamar yadda aka raɗa wa wani ɗan'uwansa sunan Goronyo ta ƙasar Sakkwato. Wannan farin dutse shi ne masana'antar siminti ta Malbaza take ƙonawa tun shekarun 1960. Ina mamakin yawan ɗaliban da suka haddace wannan darasi a aji a Tawa, suka ci jarrabawa a kansa, ba a taɓa kai su inda za su ɗauki abin da hannunsu ba, alhali tafiyar yini ce.

Sama da farin dutsen sai baƙi da ja, mai nauyi a hannu. Tama ce. Saman tudu duka hular ƙarfe gare shi, ita ta hana ruwa cinye shi, ita ce kuma ta ciyar da maƙeran Adar ƙarni bayan ƙarni. A shekarun 1960 wata mai bincike 'yar Faransa, Nicole Echard, ta ɗauki fim ɗin maƙeran wannan ƙasa suna narka tama, a lokacin da sana'ar take gab da mutuwa saboda ƙarfen tsofaffin motoci ya yi arha. Jagora zai nuna maka tarin kashin maƙera a wuraren da yau ko itacen dafa shayi da ƙyar ake samu. Narka tama tana cin gawayi mai yawa. Tarin nan shaida ne cewa akwai lokacin da wurin yake da daji.

A saman tudun nan ne kuma za ka fara jin labarin Azna, mutanen da suka riga kowa zama. Wasu zuriyoyinsu suna cewa kakanninsu daga cikin ramukan dutse suka fito, kuma har yau akwai kogo da tsauni da itacen da ake girmamawa, ko da mutanen gari duk suna salla. Sarauta irin ta fada daga baya ta zo: a 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu al-Mubarak, ya karɓe Adar daga hannun Kabi, kuma bayan an tuɓe shi daga sarautar Agadas a 1721 ya dawo nan ya zauna. Zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Adar a Illela. Sarautar Keita kuma tana hannun Lisawan, Abzinawan da suka daɗe cikin Hausawan wurin. Wanda ya tattara wannan tarihi ya buga a 1975 shi ne Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa take ɗauke da sunansa yanzu, kuma babban rabon abin da ya tattara daga bakin tsofaffin ƙauyukan nan ya fito.

Tafiya a saman tudu tana da wuya ta wata fuska. Faƙo ne, iska tana kaɗawa ba abin da ke tare ta, inuwa sai ta geza ko anza. Anzar nan da kake wucewa ba ka kula ba, jagora yana kallonta da wani ido: 'ya'yanta ne ake jiƙawa kwana da kwanaki a zubar da ɗacin a ci a shekarun yunwa, kuma duk wanda ya kai shekara hamsin a Adar ya san ɗanɗanonta.

Sai kuma ka iso leɓen kwarin Keita, ka duba ƙasa, ka ga abin da ya sa na ce a sha wannan wahala. Jikin duwatsun duka a tsattsage yake da layuka, ɗaya bisa ɗaya, daga gindi har sama. Ramuka ne, kowane tsawonsa kamar mita 3, zurfinsa zuwa gwiwa, an haƙa su a gicciye da gangare, an jera su a saɓe yadda ruwan da ya kuɓuce wa na sama zai faɗa na ƙasa. A cikin kowane an dasa itace. A saman tudu da gindin dutse akwai dogayen kunyoyin ƙasa da aka lulluɓe da duwatsu. A cikin ƙoramu akwai shingayen dutse da aka ɗaure cikin ragar waya, da madatsun da ke tilasta wa ambaliya ta bazu cikin gonaki maimakon ta haƙa rami ta wuce. Daga mota waɗannan abubuwa tabo-tabo ne a jikin dutse. Da ƙafa sai ka tsallaka su ɗaya bayan ɗaya, awa bayan awa, har ƙafarka ta gaya maka yawan aikin.

Wannan shi ne aikin da ake kira Furojen Keita. An fara shi a 1984, shekarar da fari ya kai maƙura, da kuɗin Italiya, da hannun hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, da abincin da hukumar PAM take bayarwa a matsayin ladan aiki. Cikin kusan shekaru 20 an farfaɗo da ƙasa fiye da hekta 30,000, an dasa itatuwa kimanin miliyan 18, an gina madatsu da rijiyoyi da hanyoyi. Ana yawan ambaton sunan Renato Carucci, Ba'italiyen da ya daɗe yana jan aikin, kuma ya cancanci a ambace shi. Amma waɗanda suka fasa dutsen da diga, suka ɗauko shi a ka, suka jera, mafi yawansu mata ne. Mazan sun tafi biɗa, wato ci-rani. Matan da aka bari da yara da tsofaffi su suka hau waɗannan gangare da rana tsaka, da goyo a baya, don mudun hatsi da ɗan mai. Idan ka sauka a ƙauye ka ga tsohuwa tana sussuka, akwai yiwuwar hannun nan ne ya haƙa ramin da ka tsallaka ɗazu. A gaishe ta da kyau: sannu da aiki, Inna. A tambaye ta kuma, don za ta faɗa maka wane dutse ƙungiyarsu ta yi, da wace shekara, da wanda ya rasu a cikinsu.

Ba na cikin masu cewa aikin ba shi da aibi, kuma jagora mai gaskiya ba zai ɓoye maka ba. Zai kai ka inda ragar waya ta tsinke shingen ya zube ba wanda ya gyara, domin an saba cewa gyara aikin furoje ne. Zai nuna maka madatsar da yashi ya cike; ta Ibohaman, wadda aka gina tun ƙarshen shekarun 1960 don noman rani, ta daɗe tana fama da wannan cuta, saboda ƙasar da ruwa ya kankaro daga tudu a cikinta take kwantawa. Zai nuna maka wata baƙuwar ƙaya da aka shigo da ita don ta riƙe ƙasa, ta riƙe, sannan ta mamaye fadama. Idan shi makiyayi ne, zai gaya maka abin da ba a cika rubutawa ba: faƙon da ba na kowa ba, inda dabba take wucewa, da ya farfaɗo sai ya sami masu shi, burtali ya ƙuntata, rigima ta tashi. Kuma aikin ya ci kuɗi da manyan injuna, abin da talaka ba zai iya maimaitawa da kansa ba.

A nan ne nake ganin ya dace a tuna da abin da ya faru a ɗaya gefen Adar, wajen Illela da Badagishiri. A 1989 wani shiri na hukumar FIDA mai tallafa wa noma ya kai wasu manoman wurin Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa 'yan ramuka a faƙo a zuba taki a shuka. Suka dawo suka gyara tasu tsohuwar dabarar tassa a kan haka. Ba a buƙatar injin, sai fartanya da taki da ƙarfin damtse. Abin ya bazu daga gona zuwa gona, har mutane suka fara sayen faƙon da a da ko kyauta ba a so. Ramin da mutum ya haƙa a gonarsa shi yake yashe shi kowace shekara ba sai an ce masa ba. Amma tassa ba za ta tsayar da ƙorama ba, ba za ta ɗaure gangaren dutse ba. Wannan sai aikin gayya mai girma irin na Keita. Wanda ya taka ƙasar zai daina gardamar wanne ya fi, don zai ga kowane da inda yake aiki.

Maganar ƙorama ta kawo mu ga haɗarin da na ambata. Yashin cikinta laushi gare shi, ga inuwar gawo da bagaruwa a baki, baƙo yana ganinsa sai ya so shimfiɗa tabarma. Da damina jagora ba zai yarda ba ko da sama tana tas, domin ruwan da aka yi a wani tudu da ba ka gani zai iya isowa cikin dare, da itatuwa da duwatsu a gabansa. Ko da rani ma yakan fi son a kwana a gari.

Kwana a gari kuwa shi ne rabin tafiyar. Ana isa kafin la'asar ta yi sanyi, a yi sallama, a kawo ruwa, a kawo hura, don a nan haka ake faɗinta. Ana tambayar lahiya, da gajiya, da mutanen gida, da sanyi, ba a gaggawa. Za a ba ka zaure ko rumfar masallaci. Rumbunan ƙasa manya-manya masu tumbi suna tsaye a gefen gari, wasu sun fi ɗakin kwana girma. Bayan isha'i, idan ka ƙirga waɗanda suka zo hira, za ka ga tsofaffi ne da yara. Masu ƙarfi suna Abijan, suna Legas, suna Kamaru, suna Libiya da Aljeriya. Ba'adare da biɗa tsohuwar tafiya ce, kuma rufin kwano da shagon da ke bakin kasuwa da kuɗin biɗa aka yi su. Duk da haka ina jin zafin abin a raina duk lokacin da na tuna cewa saurayin da ya san kowace unguwa ta Abijan bai san hanyar da kakansa yake bi ya haye zuwa kwarin da ke bayan garinsu ba. Jagororin nan tsofaffi ne, kuma ba su da almajirai.

A wasu ƙasashe irin wannan sani abinci ne. A Tanzaniya doka ta hana hawa Kilimanjaro ba tare da jagora mai lasisi ba. A ƙasar Dogon ta Mali, a gindin dutsen Bandiyagara, samari sun yi shekaru suna cin abinci da kai baƙi daga ƙauye zuwa ƙauye a ƙafa, har rikicin 2012 ya kashe kasuwar. A Abzin ma haka aka yi da hawan Bagzan da raƙuma da jakuna, kafin tawayen 2007 da sace-sacen mutane su kore baƙi. Darasin da ke cikin misalan biyu na ƙarshe a fili yake: sana'ar da ta dogara ga Bature kaɗai, rana ɗaya take mutuwa. Kuma babu amfanin ɓoye halin da jihar Tawa take ciki. A Oktoban 2016 an sace wani Ba'amurke ma'aikacin agaji a Abalak. A Maris na 2021 an kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tiliya. Waɗannan wurare suna arewa da hanyar da muke bi, amma duk mai niyyar tafiya, ɗan ƙasa ne ko baƙo, wajibi ne ya fara da hukuma da sarakunan gargajiya, ya ji abin da za su ce game da wannan mako da wannan hanya, ya kuma haƙura in sun ce a haƙura.

Baƙin da nake fata ga Adar 'yan gida ne: ɗaliban jami'ar Tawa masu karatun ƙasa da noma, 'yan makarantun sakandare a hutun Disamba, ma'aikatan da ke tsara ayyukan raya karkara daga ofis a Yamai, 'ya'yan Adarawan da aka haifa a Abijan ko Kano. Su zo su biya jagora kuɗin yini na mutunci, wanda aka yanke a gaban maigari tun kafin a ɗaura wa jaki kaya, ba abin goro ba. Su biya mai jaki dabam, su biya gidan da ya dafa musu tuwo, ko da an ce a bar shi, ta hanyar da ba za ta kunyata mai gida ba. Kowane dattijo kuma a haɗa shi da saurayi ɗaya na garin da zai riƙa binsa, ana biyansa shi ma.

Daga Garhanga zuwa Buza tudu ne mai tsawo, kuma a nan ne ake gane jagoran ƙwarai, don alamun hanya kaɗan ne: tarin duwatsu, wata aduwa ita kaɗai, sawun jakuna a inda ƙasa ta ɗan yi laushi. Buza tana zaune a tsakanin duwatsu. Daga wajenta ake gangarawa Majiya, kuma tun daga sama za ka hango layukan dogon yaro sun ratsa kwarin daga gefe zuwa gefe, a jere, a gicciye da iskar gabas. An fara dasa su a 1975, bisa shawarar wani ma'aikacin gandun daji na Buza, Dauda Adamu, da tallafin ƙungiyar CARE: layi biyu-biyu, tsakanin kowane shinge da na gaba mita 100, har tsawonsu gaba ɗaya ya kai ɗaruruwan kilomita. Kafin nan iska tana kwashe ƙasar kwarin da rani, ta binne shuka da yashi a farkon damina, sai manomi ya yi shuka sau biyu ko uku. Awon da aka yi daga baya ya nuna gero a bayan shingen ya ƙaru da kashi 15 zuwa sama da 20 cikin 100, duk da filin da itatuwan suka ci.

Da itatuwan suka girma sai wata tambaya ta taso, wadda har yau za ka ji ana jan ta a gindinsu: na wane ne? Na mai gonar da inuwa ta rage wa amfani, ko na garin da ya yi dashe, ko na gandun daji? Aka kafa kwamitocin gari su riƙa sassabe rassa bi da bi, a sayar da azara da itacen wuta a raba. Inda tsarin ya riƙe, shingen yana tsaye da kaurinsa. Inda ya lalace za ka ga giɓi, kututture bayan kututture, kuma idan ka tsaya a giɓin a watan Janairu iska za ta cika maka ido da ƙasar gonar wani. Ruwan Majiya daga nan yake bi ta kudu maso yamma, ya taru a madatsun Mozage da Zango da ke shayar da lambunan Birnin Ƙonni, abin da ya rage ya tsallaka iyaka zuwa tabkin Kalmalo a Najeriya. Jagoran Buza ba ya wuce ƙauyukan farko na kwarin. Daga nan sai a nemi wani.